Idan An Faɗaɗa Filin Jirgin Sakkwato, Me Dundaye Za Ta Loda?

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Dundaye da Kwalkwalawa da sauran ƙauyukan da ke kewaye da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, musamman waɗanda ke cikin fadama yanzu haka, injin ban-ruwa na ta ƙara, rediyo na rataye a reshe. Sannunku da aiki, Allah ya sa a kwashe lafiya.

Yau maganar filin jirgin sama za mu yi. Na san wani dattijo zai gyara zama ya ce, "Malam, ina ruwan mai noman albasa da filin jirgi? Mu da jirgi ai sai dai mu ɗaga kai." To Baba, da gaskiyarka, amma ka ba ni aron kunne. Duk lokacin da aka tashi maganar faɗaɗa filin jirgi, a Sakkwato ko a wani gari, abin da ake fara faɗa wa jama'a shi ne tattalin arzikin yanki zai bunƙasa. Ni kuma ina so mu tambaya: ta wace ƙofa wannan arziki zai shigo Dundaye?

Filin da muke magana a kai shi ne Filin Jirgin Sama na Sultan Abubakar III, wanda ke kudu da birnin Sakkwato. An sa masa sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 yana sarauta, daga 1938 zuwa 1988. Hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, wato FAAN, ita ke tafiyar da shi, kuma titin da jirgi ke sauka a kai ya kai tsawon kilomita 3. Kafin shi akwai wani a kusa da gari. Yau idan ka ce wa mai Keke Napep ya kai ka Tsohon Filin Jirgi, unguwa zai kai ka, gidaje ne ko'ina. Gari ya bi filin ya haɗiye shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar ƙasa.

Idan aka ce faɗaɗawa, yawancinmu ginin da fasinja ke jira muke hangowa, mai gilasai da na'urar sanyaya ɗaki. Wannan shi ne abin da ke fitowa da kyau a hoto ranar yanke kyalle. Masu aikin jirgi kuwa wasu abubuwan suke dubawa. Suna duba tsawon titi da ƙarfinsa, domin Sakkwato gari ne mai zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, fikafikan jirgi ba sa samun abin dogaro da wuri. Saboda haka jirgin da ya yi lodi sosai yana buƙatar dogon gudu kafin ya ɗaga, in ba haka ba sai a rage masa kaya ko ya jira sanyin dare. Suna duba farfajiyar da jirage ke tsayawa, ko za ta ɗauki manyan jirage biyu ko uku a lokaci guda. Suna duba fitilun titi, da na'urorin da ke jagorantar matuƙi ya sauka ko da bai ga ƙasa sosai ba. Wannan na ƙarshe kowa a nan ya san amfaninsa, domin da hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, sai ka ji an soke jirgi, mutum ya kwana biyu yana zarya da jaka. Akwai kuma motocin kashe gobara, da ma'aikatan duba yanayi, da katanga. Kada ku raina katangar nan. A 2005 wani jirgin Air France ya afka wa garken shanu a kan titin sauka a Fatakwal. Mu da ke da dabbobi ko'ina ai mun fi su buƙatarta.

Batun yanayi kuwa ba sai an yi wa Basakkwace dogon bayani ba. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Abuja zai zo Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, cikin mummunan yanayi, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da mutane da dama. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk kuɗin da aka kashe a kan na'urar da ke gargaɗin matuƙi da horar da wanda zai karanta ta, ba asara ba ne, ko da ba a ganinsa daga bakin titi.

To yanzu, wa ke cin moriyar filin a yadda yake? Babbar kakarsa ita ce lokacin aikin Hajji. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, wasu su yi shekaru a hanya, wasu su zauna can ba su dawo ba. Yau maniyyaci na tashi daga Sakkwato ya sauka Jidda ko Madina cikin awa biyar ko kusa da haka. Ku je hanyar filin jirgi a makonnin jigilar alhazai ku ga kasuwa. Mai shayi ya kafa tebur, mai tsire na juya nama, mata na sayar da fura da masa, ga masu tabarmi da buta da jakunkuna, ga 'yan canji, ga motocin 'yan rakiya daga Isa da Sabon Birni da Tangaza da Tambuwal, kowace mota sai ta sha mai, kowane baƙo sai ya ci abinci. Shekaru da yawa alhazan Zamfara ma daga nan suke tashi. Kuɗi ne na gaske ke juyawa. Sai dai na 'yan makonni ne. Da jirgin ƙarshe ya dawo da alhazai, mai shayi zai naɗe teburinsa.

Sauran shekara, filin na rayuwa ne da jiragen Abuja da Legas. Daga nan zuwa Abuja kusan awa ɗaya ne a sama, a mota kuwa yini guda ne, kuma kowa ya san halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta shiga a shekarun nan. Mutanen Dundaye sun fi kowa ganin masu hawa jiragen nan, domin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, a ƙasarsu take. Malamin da za a gayyato daga wata jami'a ya duba aikin ɗalibin digiri na uku, da ƙwararren likitan da zai zo asibitin koyarwa ya yi tiyata ya koma, da injiniyan da kamfanin siminti na Kalambaina ke jira ya gyara inji, duk sai sun tambaya ko akwai jirgi kafin su amsa. In babu, da yawa ba za su zo ba. Taron da jami'a ta rasa saboda haka, mai otal ya rasa, mai tasi ya rasa, mai kawo kaji da kayan miya ma ya rasa. Wanda ke son ganin nauyin filin jirgi a tattalin arziki, ya tuna 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja na mako shida don gyaran titi, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Otal-otal da masu motocin haya na Abuja sun ji a jikinsu.

Akwai kuma wani abu da ya sa filin jirgi ya fi muhimmanci a gare mu fiye da Kano ko Zariya. Sakkwato ba ta da jirgin ƙasa. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa ya tsaya ne a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso ba har yau. Sabon layin da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi ma ta Katsina da Jibiya ya bi. Don haka duk abin da muka noma, ko muka kiwata, ko muka jeme, hanyarsa biyu ce, ko kwalta ko sama.

A nan ne nake so mu daɗe, domin a nan ake yawan ruɗin jama'a. Za ka ji ɗan siyasa a kan mumbari yana cewa in an faɗaɗa filin jirgi, albasar Sakkwato za ta riƙa tafiya Turai a jirgi. Jama'a su yi tafi. Malam manomi, kada ka yi saurin tafi. Albasa kaya ce mai nauyi, mai arha in an auna ta da kilo, kuma tana jure ajiya. Kai da kanka kana jera ta a rudu ta yi watanni kana jiran farashi ya tashi. Jirgi kuwa da kilo yake caji, kuma kuɗin ɗaukar kilo guda zuwa Turai ya ninka kuɗin kilon albasar kanta. Wa zai saya? Albasarmu, da ta Gada da Goronyo da Wurno, hanyarta ita ce tirela, zuwa Legas da Onica da Fatakwal, ko ta tsallaka iyaka zuwa maƙwabta. Haka shinkafa, haka gero, haka siminti. Ko riɗi da soɓorodo da ake fitarwa ƙasashen waje, a jirgin ruwa suke tafiya. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kayan da ake ɗauka ta sama ba su kai kashi 1 cikin 100 na nauyin kasuwancin duniya ba, amma a daraja sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Ma'ana, abin da ke hawa jirgi shi ne mara nauyi, mai tsada, ko wanda in ya kwana biyu zai lalace.

To me muke da shi mai wannan siffa? Muna da shi kuwa. Na farko nama. Ƙasar Habasha na yanka awaki da tumaki a manyan mayankai na garin Mojo, a sanyaya naman, a loda shi a jirgi daga Addis Ababa, ya kwana a kasuwannin Dubai da Saudiyya. Mu fa? Kowane mako ana loda dabbobi da rai a tirela daga kasuwannin Achida da Illela, su yi kwanaki a hanya, su rame, wasu su mutu kafin a isa Kudu. Jar akuyar Sakkwato sunanta ya kai duniya tun kafin a ƙera jirgin sama. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka suka riƙa kiranta fatar Maroko. Kirgin da majemi ya gyara da kyau, da jaka ko takalmin da baduku ya ɗinka, irin kayan da jirgi ke so ke nan, domin kwali guda na iya fin buhunan albasa da yawa kuɗi. Sai kuma ɗanyen kayan lambu na zaɓe, irin su attarugu da kuɓewa da ganyayyaki, waɗanda 'yan Afirka da 'yan Asiya mazauna Ingila da ƙasashen Larabawa ke saye da tsada. Kenya ta gina babbar sana'a a kan wannan. Furen da aka yanka a gonakin Naivasha yau, gobe yana kasuwar Holan, ɗanyen wake kuma yana kantunan Landan. Fadamar Dundaye na da ruwa, tana da rana, tana da manoman da suka gaji noman rani kaka da kakanni.

Amma kada mu yi wa kanmu ƙarya. Tsakanin gonar Dundaye da cikin jirgi akwai matakai, kuma ko ɗaya ya karye, kaya sun tashi a banza. Ɗauki attarugu. A yadda muka saba, ana tsinke shi da rana tsaka, a zuba a buhu, a danna da gwiwa don ya ci da yawa, a ɗora a bayan mota yaro ya zauna a kai. Wannan attarugun ba zai wuce ƙofar filin jirgi ba. Na fitarwa da sanyin safiya ake tsinkarsa, a sa a kwandon roba mai huji, a kai inuwa nan take, a ware mai tabo, a wanke, a shigar ɗakin sanyi, a ɗauke shi a mota mai sanyi, a filin jirgi ma ɗakin sanyi ne zai karɓe shi har jirgi ya zo. Ɗakin sanyi kuma wuta yake ci dare da rana. Kun ga ke nan maganar filin jirgi ta koma maganar lantarki, ko na gwamnati ko na hasken rana, wanda Allah ya hore mana da yawa.

Sai maganar magani. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami ragowar maganin ƙwari a cikinsa fiye da ƙima, irin sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Laifin wasu 'yan ajiya ya shafi ƙasa baki ɗaya. Mai saye a waje zai tambaye ka wane magani ka fesa, yaushe, kwana nawa ka bari kafin ka tsinka, kuma yana son ya gani a rubuce. Nama ma haka, sai an sami mayanka mai tsabta da takardar likitan dabbobi da ƙasar da za a kai wa ta yarda da ita. Abin da ke ba ni mamaki, kuma a nan zan ɗan taɓa maƙwabtanmu na jami'a, shi ne tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi duk na wannan jami'a ne, ga ɗakunan gwaji, ga ɗalibai masu neman abin bincike, ga kuma manomi a bayan katanga yana fesa magani da ka. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ƙungiyar manoman rani da za ta je ta nemi a gwada mata ƙasa da ruwa, a koya wa 'ya'yanta rubuta ranar feshi, ta fara shirin hawa jirgi tun kafin a zuba kwalta ko taku ɗaya.

Na ce ƙungiya da gangan. Ba wani kamfanin jirgi da zai turo jirgin kaya saboda kwando goma na mutum ɗaya. Babban jirgin kaya na ɗaukar fiye da tan 100, ƙarami ma yana son tan masu yawa, kuma yana son ya san zai samu kowane mako, har da abin da zai sauke mana in ya zo, don kada ya taho fanko. Shi ya sa irin wannan kasuwa takan fara ne da ɗan wurin da ya rage a cikin jirgin fasinja, a kai Legas ko Abuja ko Kano, daga can a haɗa da manyan jirage.

Hanya kuma fa? Dundaye na hayin gulbi, filin jirgi na can kudu, sai ka ƙetare gada ka ratsa gari. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 sun tuna yadda ruwa ya yanke hanyar jami'a, mutane suka koma shiga kwalekwale. Kayan da jirgi ke jira ba sa jiran a gyara gada. Babbar hanyar da aka ƙaddamar da aikinta a 2024 daga Illela zuwa Badagiri, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, ita ma tana cikin lissafin nan, domin Birnin Ƙonni na nan kusa da Illela, kuma fasinja ko ɗan kasuwar wannan yanki na Nijar ya fi kusa da Sakkwato nesa ba kusa ba a kan Yamai. Amma mun ga yadda rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya tsayar da komai cik. Filin jirgin da ke son baƙi daga maƙwabta yana buƙatar zaman lafiya da maƙwabtan.

Wani zai ce, to a gina kawai, in an gina za su zo. Ba kullum ba. A ƙasar Sifen an kashe maƙudan kuɗi an gina katafaren filin jirgi a Ciudad Real, aka buɗe a 2008, zuwa 2012 an rufe shi don babu fasinja. A nan gida ma hukumar FAAN da bakinta ta sha faɗin cewa kaɗan ne daga filayenta ke riƙe kansu, irin su Legas da Abuja, sauran ɗaukar nauyinsu ake yi. Ga shi kuma yanzu Birnin Kebbi na da nata filin, Gusau ma ta kama hanya. Jihar da a da take ɗaya, kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, yanzu fasinjanta da alhazanta za su rabu uku. A ganina, wannan ma dalili ne da zai sa Sakkwato ta nemi abin da za ta fi saura da shi, kuma ɗakin sanyi da rumbun kaya da ofishin masu duba lafiyar amfanin gona sun fi sabon zauren manyan baƙi amfani gare mu.

Bari mu koma kan ƙasa, kamar yadda na yi alkawari. Faɗaɗa filin jirgi gona yake ci, kuma mutanen Dundaye ba baƙi ba ne a wannan, tun da sun ga yadda babban aikin gwamnati ke zama a kan ƙasar noma. 'Yan'uwanmu da ke maƙwabtaka da filin jirgi, ku saurara da kyau. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar ƙasa don amfanin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada kuwa ta fi karkata ga abin da ke kan ƙasar, wato gini da rijiya da itatuwa da shukar da ba a girbe ba. Saboda haka ranar da masu ƙidaya suka zo, ka tsaya a gonarka da kanka. A ƙirga mangwaro da dogonyaro da gawo a gabanka, a rubuta rijiyarka, ka karɓi kwafin takarda, ka ɗauki hoto da waya. Gonar gado a daidaita tsakanin magada tun da wuri, a sa da sunayen mata da marayu, kada a bari sai kuɗi sun fito a fara shari'a. Ku tafi tare da mai unguwa da hakimi, ku nemi a yi maganar wata gonar a madadin wadda aka karɓa, domin kuɗin diyya kan ƙare, iyali kuma na nan suna ci.

Akwai kuma dillalan da ke jin ƙishin-ƙishin tun kafin kowa, su zo su saye gonakin bakin hanya da arha. In ka ga baƙo ya matsa maka lamba ka sayar yau-yau, ka tambayi kanka me ya ji wanda ba ka ji ba. Wanda kuma zai yi gini kusa da filin, ya nemi izini tukuna, don akwai iyakar tsawon gini da na dogon ƙarfen sadarwa a hanyar da jirgi ke bi. Juji da mahauta ma ba a son su kusa, saboda suna tara ungulu da shirwa, tsuntsu ɗaya kuma in ya faɗa injin jirgi ya isa ya jawo babbar ɓarna.

Matasa, musamman ɗaliban da ke saurarenmu daga ɗakunan kwana, aikin filin jirgi bai tsaya ga matuƙi da masu raba abinci ba. Akwai masu kula da zirga-zirgar jirage, da masu hasashen yanayi, da 'yan kwana-kwana, da masu gyaran na'urar sanyi, da masu cike takardun kwastan na fitar da kaya. Kwalejin koyon aikin jiragen sama na nan a Zariya tun 1964. In ba mu tura 'ya'yanmu sun koya ba, ranar da aiki ya zo wasu za a kawo, namu su tsaya a bakin ƙofa suna dako.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna da masu sana'ar fata mu ji yadda kirgi ke tashi daga majema har ya isa hannun mai saye, da kuma inda ribar ke zubewa a hanya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana.